Oberon ta tsaya a Zurich, MirageOS ta shiga ta ƙofar gefe

Ina son OCaml, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Harshen shirya manhaja ne da ya fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa a 1996. In ka yi rubutu da shi, tun kafin manhajar ta fara aiki yakan kama maka kurakurai da yawa, irin waɗanda a harshen C sai sun fashe a hannun mai amfani. Shi ya sa duk wanda ya ce zai gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, kishiyar Linux ko Windows, da harshe mai tsafta wanda mutane kaɗan suka iya, zuciyata tana tare da shi. Amma tambayata gare shi ba ta canzawa: wa zai saka ta a kwamfutarsa, kuma saboda me?

A ƙarshen shekarun 1980, Niklaus Wirth da Jürg Gutknecht na jami'ar ETH a Zurich suka zauna su biyu suka gina Oberon: harshe da babbar manhaja masu suna ɗaya, a kan kwamfutar Ceres da aka ƙera a jami'ar. Burinsu shi ne mutum ɗaya ya iya karanta ta daga farko har ƙarshe ya fahimce ta, kuma sun cim ma burin. Ɗalibai sun yi shekaru suna koyo a kanta. Wirth ya sake sabunta ta a 2013, bayan ya yi ritaya, ya kuma rasu a ranar 1 ga Janairun 2024. Aiki ne da nake girmamawa ƙwarai, amma bai yi nisa da harabar jami'a ba.

Harshen ba shi da laifi. Matsalar direbobi ce, wato ƙananan manhajojin da ke sa babbar manhaja ta iya magana da katin wayfai, da firinta, da allo, da kyamara. Linux ta haura layi miliyan 30 na rubutu, kuma mafi yawansa direbobi ne, kusan duk da C. Kamfanonin da ke ƙera na'urori su ne ke biyan ma'aikata su rubuta da yawa daga ciki. Ba kamfanin da zai ɗauki mutum ya rubuta direba da Oberon saboda 'yan ɗaruruwan masu amfani. Mutumin da ya saka sabuwar manhaja a laftof ɗinsa ya ga wayfai bai tashi ba, burauzar da ya saba da ita kuma babu, ba zai kai magariba bai goge ta ba. Kuma yana da gaskiya. Kamfanin Symbolics ma, masu babbar manhajar Genera da aka rubuta da harshen Lisp, sun durƙushe lokacin da kwamfutoci masu araha da ke aiki da babbar manhajar Unix suka fara gudanar da Lisp ɗin da kyau.

Mutanen MirageOS, wata babbar manhaja daga jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Anil Madhavapeddy da abokan aikinsa, sun bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi burge ni. Da OCaml suka rubuta ta, sigar 1.0 ta fito a ƙarshen 2013. Ba su ce wa kowa ya goge Linux ba. Sun lura cewa a manyan cibiyoyin saba, wato kwamfutocin da ke riƙe shafuka da ayyukan intanet, manhaja ba ta taɓa ƙarfe kai tsaye: akwai Xen a ƙasa, wanda ke raba kwamfuta ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci na ƙirƙira, yana ba kowace katin sadarwa iri ɗaya da faifai iri ɗaya. Kenan direbobi kaɗan sun wadatar. Sannan kowace MirageOS aiki ɗaya tak take yi, ko amsa tambayoyin DNS, wato neman adireshin shafi daga sunansa, ko riƙe shafin intanet guda, an haɗa ta da abin da aikin ke buƙata kawai.

Sai suka yi abin da ya jawo hankalin waɗanda ba ruwansu da OCaml. A 2014, shekarar da ɓarakar Heartbleed ta tona asirin OpenSSL, manhajar da shafuka da yawa ke ɓoye sadarwarsu da ita, Hannes Mehnert da David Kaloper suka rubuta TLS, tsarin ɓoye sadarwar intanet, sabo fil da OCaml. A 2015 aka ɗora bitcoin 10 a kan wata MirageOS mai amfani da wannan TLS ɗin a intanet, aka ce duk wanda ya fasa ta ya ɗauka. Ta yi shekaru a buɗe, ba wanda ya ɗauka. Wannan ba ya nufin ba ta da rauni ko ɗaya, su kansu ba su ce haka ba, amma hujja ce da ko wanda bai san harshen ba zai gane.

A Janairun 2016 Docker, mai kayan aikin da masu shirya manhaja da yawa ke amfani da shi, ta sayi kamfanin mutanen MirageOS, Unikernel Systems. Sashen sadarwa na MirageOS ya shiga cikin VPNKit, wanda ke haɗa Docker na Mac da Windows da intanet. Masu shirya manhaja da ba su taɓa jin sunan OCaml ba suka wayi gari suna amfani da shi kullum. Baƙon da ya shigo gari da sana'ar da ake nema ba a tambayarsa yaren gidansu.

Sai dai ƙofar gefe ba taka ba ce. A 2023 Docker ta sanar cewa a Mac ta maye gurbin VPNKit da sashen sadarwa na wata manhaja mai suna gVisor, wanda aka rubuta da Go, harshen da Docker kanta ke amfani da shi, ta ce ya fi sauri. Abin ya yi mini zafi. Ina kuma ganin ƙarancin masu iya OCaml yana sa irin wannan shawara ta zo wa kamfani da sauƙi, domin duk abin da mutum biyu ko uku kaɗai za su iya gyarawa, nauyi ne a wuyan mai shi.

Wanda yake son ya ga MirageOS tana aikin gaske, ga katangar tsaron, wato mai tace abin da ke shiga da fita ta intanet, da Thomas Leonard ya fara rubuta wa Qubes OS, babbar manhajar da ke raba kwamfuta sassa-sassa don tsaro. Tana tsayawa a madadin katangar Linux da ke zuwa da tsarin, tana cin megabait 'yan gomomi na RAM inda waccan ke cin ɗaruruwa. A laftof mai ƙaramin RAM irin nawa, bambancin yana nunawa. Ka sauke ta, ka nuna wa sauran sassan Qubes su bi ta cikinta. In ba ta yi maka ba, sai ka koma saiti ka zaɓi tsohuwar, sauran kayanka na nan yadda ka bar su.