Yadda na daina miƙewa tsaye don kashe majigi

Ranar da aka ɗaura min majigi a silin ɗin falo, wayoyi biyu kawai na sa aka ja, ta wuta da ta HDMI, mai kai hoto da sauti. Mai aikin ya tambaye ni ko a ƙara ta uku saboda gaba. Na ce masa a bar ta, ai ga rimot. Aka rufe silin, aka shafe, aka yi fenti. Wannan "ai ga rimot" ɗin sai da ta ci min kusan wata biyu.

Majigin yana can sama, bayan kujerun zama. Rimot ɗinsa irin na kowa ne, mai aiki da hasken infared wanda ido ba ya gani. In ka saita shi ga kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan ɗigon haske yana ƙyaftawa. Tunda haske ne, ba ya ratsa bango, ba ya shan kwana. Dabarar da aka saba ita ce a nuna shi ga allon, hasken ya dawo ya faɗa idon majigi na gaba. Wata rana danni ɗaya ya isa, wata rana sai ka miƙe kana kaɗa hannu kamar mai korar sauro. Kashewa ta fi ban haushi, don nawa sai an danna sau biyu: na farko ya tambaya, na biyu ya tabbatar. In na biyun ya ɓata a hanya, shi ke nan, mu tafi mu kwanta, shi kuma ya kwana yana cin ƙwan fitilarsa. Sau biyu muka wayi gari a haka. A na biyun ne uwargida ta ce, "Baban yara, ko dai a fasa silin ɗin nan kowa ya huta?" Na ce a ba ni mako ɗaya.

Wani abokina ya ce in sa soket ɗin nan da ake kunnawa da kashewa daga wayar hannu. Ban ko gwada ba. Bayan an kashe majigi mai ƙwai, fankarsa takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don ƙwan ya huce, kuma yanke masa wuta a tsaye rage masa kwana ne. Akwai waɗanda aka ƙera su jure hakan, musamman masu aiki da hasken lesa maimakon ƙwai, amma nawa ba ya cikinsu.

Daga nan na waiwayi wayar HDMI da ke cikin silin. Cikin ƙafafunta 19, ta 13 an ware ta ne don na'urori su riƙa ba juna umarni, abin da ake kira CEC. Shi ne Samsung ke ce wa Anynet+, LG kuma SimpLink. Da talabijin ce da an gama magana. Na bi saitin majigina layi-layi, babu ko alamarsa. Majigai da yawa haka suke.

Sai na sayo ɗan akwatin nan mai kama Wi-Fi ya maida umarni hasken infared. Ana koya masa ne: ka danna rimot a gabansa, ya haddace ƙyaftawar, wadda yawanci a kan kilohaz 38 take tafiya, wato sau dubu 38 a daƙiƙa. Na ɗora shi saman kabad inda yake kallon majigin ido da ido. Kwanakin farko har da yi wa baƙi burga, ina kunna majigi daga ɗakin kwana.

Ashe ɗan aike na samu wanda ba ya dawowa da amsa. Yana isar da saƙo, amma ko an karɓa ko ba a karɓa ba, bai sani ba. Manhajar da ke wayata zato kawai take yi: tunda ta aika "kunna", to a wajenta majigi a kunne yake. Ranar da ɗana ya ɗauki ainihin rimot ɗin ya kunna, wayata tana nan tana ce min a kashe yake. Na danna, sai ga tambayar kashewa ta fito a tsakiyar abin da suke kallo, domin maɓalli ɗaya ne ke kunnawa da kashewa. Wasu majigan suna da lambar kunnawa daban, ta kashewa daban, kuma hakan yana rage rikicin. Duk da haka ba za ka san ko yana hucewa ba ne, alhali a lokacin hucewa ba ya sauraron kowa. Nan na gane isar da umarni ba shi ne damuwata ba. So nake in tambayi majigin halin da yake ciki ya ba ni amsa.

Na hau tsani na leƙa bayansa da kyau, abin da ya kamata in yi tun farko. Ga kafar RS-232 mai ƙafa 9, wadda ake ba na'ura umarni ta cikinta, ga kuma kafar wayar intanet. Dukkansu suna kai magana su dawo da amsa, dukkansu kuma waya suke so, wadda na hana a ja.

Mafitar tana cikin silin ɗin tun ranar farko: wayar wuta. Akwai adafta da ake sayarwa biyu-biyu, masu bin tsarin HomePlug, da ke ɗora saƙon intanet a kan wayarin ɗin gida. Ɗaya na soka a bango kusa da na'urar Wi-Fi, ɗayar a soket ɗin silin. Na zaɓi mai baki a jikinta don majigin ya samu inda zai sha wuta, sannan na haɗa su da guntuwar waya wadda ba ta kai tsawon hannu ba. A soka su kai tsaye a bango, domin soket mai kariyar hawan wuta yana iya shanye saƙon. Masu kallon bidiyo ta wannan hanya sukan yi kukan rashin gudu, ni kuwa haruffan da ba su wuce goma ba nake aikawa.

Yaren da majigin ke ji sunansa PJLink. Ƙungiyar masu ƙera na'urorin ofis ta Japan, JBMIA, ita ta tsara shi don majigan kamfanoni daban-daban su ji umarni iri ɗaya, kuma yana sauraro ne a ƙofar sadarwa mai lamba 4352. Ka aika "%1POWR 1" ya kunna, "%1POWR 0" ya kashe, ba tambaya ba danni biyu. Wanda ya fi min daɗi shi ne "%1POWR ?". Amsar 0 tana nufin a kashe, 1 a kunne, 2 yana hucewa, 3 yana ɗumama. Ina da tsohuwar ƙaramar kwamfuta mai Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida wadda ta riga ta san PJLink, don haka adireshin majigin kawai na ba ta.

Daren farko komai ya tafi daidai. Washegari na danna, shiru. Na zargi adaftar, na sauya soket, na sake hawa tsani har sau uku. Laifin yana cikin saitin majigin. Idan yana hutawa a yanayin tsimin wuta, inda yake jan abin da bai wuce rabin wat ba, har kafar intanet ɗin yake kashewa. Zai ji "kashe", amma da ya kwanta ya kurmance. Sai da na sauya saitin hutun zuwa wanda ke barin sadarwa a buɗe. Yana ɗan ƙara jan wuta, na yarda da wannan cinikin. Na kuma sa na'urar Wi-Fi ta riƙe masa adireshi ɗaya dindindin, don kada wata rana ta sauya masa in koma neman sa.

Yanzu in dare ya raba kuma majigin yana kunne, kwamfutar tana turo min saƙo a waya, in ban tanka ba ta kashe shi da kanta. Da "%1LAMP ?" kuma nake ganin awannin da ƙwan ya ci, har da na kwana biyun nan da muka bar shi. Rimot ɗin yana nan a aljihun tebur. PJLink ba ya shiga cikin saitin launi ko gyaran hoto, saboda haka duk ranar da hoto ya karkace sai na zaro shi na miƙe tsaye kamar da. Silin kuwa ko ƙusa ba a ƙara masa ba.