"I him saw" a kayen ɗan kwaleji

Yau da la'asar a Birni, wani ɗan kwaleji ya miƙo kayensa, wato littafin rubutunsa, a duba masa aikin Ingilishi. Layin farko: "I him saw." Kalmar daidai ce, "him" ta wanda aikin ya faɗa wa, "he" ta mai aikin. Mazauninta ne ya ɓaci, kuma Faransanci ya ja shi, don a "je l'ai vu" wakilin suna gaban aikatau yake zuwa. Ingilishi baya yake ajiye shi: "I saw him." Haka "me", "her", "us", "them", bayan "to" ko "with" ma su ake sawa, "with me", ba "with I" ba.

Na ce ya faɗa da Hausa. Ya ce "na gan shi", ya yi jim, ya gyara da kansa. Ashe jerin da yake nema yana bakinsa tun daga gida.