Ƴar sifika ta fi mani tulin takardu amfani a ajin Turanci

Ina koyar da Turanci ga ƴan SS2 da SS3 nan cikin garin Sakkwato, kuma duk malami ya san littafin da anka ba mu bai isa, yara da yawa kan littafi guda. Shi ya sa na shiga intanet na sauko da takardun atisaye na kyauta, na kai shago anka buga mani su da kuɗin aljihuna. To ashe takardun don ɗiyan Turai anka yi su, labarin ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa da hutun bakin teku, yaron da ya tashi Mabera ko Gidan Igwai sai ya zuba wa takarda ido kawai, rabin darasi ya ƙare wajen bayanin abin da bai taɓa gani ba. Wallahi har yau in na tuna kuɗin nan sai raina ya ɓaci.

Abin da ya ba ni mamaki kuwa takarda ta 3 ta jarrabawar Turanci ta WAEC ce, ta lafazi, tambaya 60 cikin minti 45 kuma a rubuce ake amsawa. Yaran sun haddace alamomin sauti kamar karatun allo amma kunnensu bai taɓa jin su ba. Na sayi ƴar sifika mai cin memori, na zuba gajerun darussan BBC Learning English, na kunna a aji. Wata yarinya can baya, wadda ko gaisuwa da ƙyar take ɗaga murya, ita ta fara cewa Malam dakata, ashe P da F ba ɗaya ba ne! Ta riƙe ƴar takarda gaban bakinta tana gwadawa, in ta faɗi P takardar ta yi tsalle, aji ya ɗauka gaba ɗaya.

In za ku gwada, ku yi cajinta tun dare don wutar nan ba abin dogaro ba ce, ku sa minti biyu kacal ku maimaita sau uku, kuma da safe, zafin Afrilu in ya taso ba mai saurare. Don atisayen taƙaita labari kuma, tsohuwar jaridar Daily Trust ta ishe ku, labarin farashin albasa da gero sun san kanshi, gardama har bayan an buga ƙararrawa. Takardun Turai kuwa suna nan cikin kwali a ofishin malamai, mai so ya zo ya kwasa.