Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Gidan Galadiman Bakin Ruwa

Makon jiya na tsaya a kan zamanmu na Agege, a gidan da Baba da ƙanensa suke haya kusa da layin dogo. Yau sai na ba ku labarin wata ƙasa da ba ta cikin taswira, amma na fi sanin lungunanta a kan na Kano a lokacin.

Baffa ɗan goro ne. Da rana yana cikin rumfa yana tsintar huhu, yana ware marsa da minu, yana yayyafa wa ganye ruwa. Da dare idan aka ɗauke wuta, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu kewaye shi. Ka kuskura ka ce masa "ta zo mu ji ta", ranar babu labari. Ya ce tatsuniya ta tsofaffin mata ce, shi tarihi yake bayarwa.

Tarihin nasa na masarautar Tudun Wata ne, da lardinta na can kudu, Bakin Ruwa, wanda gidan Galadima ke riƙe da shi kaka da kakanni. Ƙasar aro ce. Aljanun ruwa ne suka ba kakan gidan, bisa sharaɗin duk shekara a zuba musu ƙwarya dubu ta farin goro a teku, kuma kada ɗan gidan ya taɓa yin gini da dutse. Ga dawakai, ga alkyabba, ga tambarin da ke kaɗa kansa duk ranar da aka haifi magaji, amma fadar kanta da zana aka kewaye ta. Galadima na da 'ya'ya biyu, Ciroma mai saurin fushi da Ɗan'iya mai taurin kai. Ni dai Ciroma nake so, don shi ke da farin doki.

Sai da na girma na lura da wayon Baffa. Duk makon da goro ya yi kwantai, fari ake yi a Bakin Ruwa. Ranar da mai gidanmu ya ƙara kuɗin haya, a daren aljanu suka ninka haraji.

Ana nan aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Legas ta rikice, tituna suka cika da hayaƙin taya, mutanenmu suka fara ɗaure kaya. Baba da Baffa suka kwana uku ba su ci a kwano ɗaya ba. Na ji Baba yana cewa, "Rai ya fi dukiya." Baffa ya ce, "Yaya, shekara ashirin ina nan. In koma in ce da su me?"

Daren nan labarin bai yi tsawo ba. Teku ta kumbura har ƙofar fada. Ciroma ya ɗauki tambari ya nufi arewa da mata da yara, Ɗan'iya ya zauna da makullai a hannu. Na ce, "Baffa, to wa ya gaji Galadima?" Ya ce in je in kwanta.

Da asuba Baba ya samo mana wuri a motar shanu da ta sauke kaya a mayankar Oko-Oba za ta koma Arewa. Baffa ya rako mu har bakin mota, ya cusa mini farin goro guda a aljihu, ya ce, "Riƙe wa Ciroma."

Abin da ya same mu kafin mu kai Jebba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.