Yadda nake tafiyar da mako a ajin nazare

Ina koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar a wata makaranta da ke Mabera, cikin garin Sakkwato. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 25 a irin wannan aji, amma duk wanda ya taɓa leƙa azuzuwanmu ya san sun fi haka. Yawan nan ya sa nake ɗaukar zaman tare a matsayin darasi mai cin gashin kansa, daidai da baƙi da lissafi. Yaron da bai iya jira ba, ba zai ji karatu ba, kuma zai hana na kusa da shi ji.

Kowane mako da jigonsa: ruwa, dabbobin gida, iyali, kasuwa. Harafi ɗaya ko biyu da 'yan lambobi ke bin jigon. Ranar Litinin da tatsuniya nake buɗewa, domin da na ce "Ga ta nan, ga ta nanku" sai ajin ya amsa baki ɗaya, hayaniya ta kwanta. Ƙirge kuwa da 'ya'yan tsamiya da murafan kwalba muke yi, biyu-biyu, tsibi ɗaya a tsakaninsu, don dole su raba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, duk abin da ke buƙatar natsuwa kafin ƙarfe goma nake gama shi. Bayan nan sai waƙa da shan ruwa. Kowa da kofinsa, amma moɗar randa ɗaya ce, kuma kullum akwai wanda ke riƙe ta yana zuba wa 'yan'uwansa. Wanda ya fi rigima, in aka ba shi moɗar, shi ya fi kowa kiyaye layi.

Makon kasuwa na fi so. Mukan shimfiɗa tabarma, a jera goruba, dabino da gwangwanayen madara, a yanka takarda ta zama kuɗi. Doka ta farko, ba a ciniki sai an gaisa. Mai saye ya durƙusa ya ce "Ina kwana", mai kaya ya amsa "Lahiya lau", sannan a tambayi farashi. In tayi bai yi ba, mai kaya ya ce "Albarka". A nan aikin yake. Yaro ɗan shekara huɗu da aka hana abu, kuka ko duka ya sani. A kasuwarmu yana jin an ƙi tayinsa cikin ladabi, ya ƙara takarda ɗaya, ya sake tayawa har a sallama masa. Ya yi ƙirge, ya yi magana a gaban mutane, ya kuma ga cewa hani ba faɗa ba ne. Akwai wata yarinya Bafulatana da ta zo mana ba ta jin Hausa sosai, kullum tana rakuɓe gefe. Ranar da na zaunar da ita kan tabarmar dabino, kalmar farko da ta ɗaga murya ta faɗa "Albarka" ce, ta kuma riƙe kayanta gam har sai da aka cika mata kuɗi.

Juma'a da wuri ake tashi, sai mu yi bitar makon da waƙa da gaɗa. Koyarwa da waƙa ba baƙon abu ba ne a garin nan. Da ita Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka ta hannun jajinta, wato matan da ta horar su riƙa koyarwa.

Iyaye sukan damu, kuma ina ganin gaskiyarsu. Wani uba ya taɓa tare ni bakin ƙofa ya ce, "Malama, yaron nan kullum wasa yake ba mu labari, ina aikin gida?" Na ce, "Alhaji, da yamma yana Islamiyya, ya dawo a gajiye. In za ku kasuwa ku tafi da shi, ku bar shi ya gaida mai kaya, ya ƙirga tumatirin da kansa." Abin da nake rubutawa a littafin kowane yaro ke nan duk ƙarshen mako: harafin da muka yi, da ƙaramin aiki ɗaya da zai yi tare da wani a gida.