Tagwayen kwalekwale da na haɗa a Nima

Ni kafinta ne, gado da kujera na koya a hannun kawuna a Nima, wata unguwa a Accra, babban birnin Ghana. Wani mai masaukin baƙi a Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, shi ya kawo mini zanen katamaran: kwalekwale biyu sirara, katakai biyu a gicciye sun riƙe su, sai doguwar sanda a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa. Babu inji. Ya ce katamaran ɗin kamfani mai suna Hobie 16 da ake shigowa da ita daga waje ta fi ƙarfin aljihunsa. Na karɓi aikin.

Masuntan Jamestown da Chorkor, unguwannin bakin teku a Accra, daga kututture guda na itacen da ake kira wawa suke sassaƙa kwalekwalensu. Nawa kuwa falankin fulawud ne mai jure ruwa, a yanka shi, a ɗinke da wayar tagulla, a cike gaɓoɓin da gam ɗin ifoksi, sannan a lulluɓe da faiba, wato ƙyallen zaren gilashi. Lungunmu ba ya ɗaukar jirgi mai faɗin nan, shi ya sa na ɗaure katakan gicciye da noti, don a fitar da kowane ɓari a kafaɗa, a haɗa a bakin ruwa.

Na farkon ya ba ni kunya, kuma laifina ne. Ifoksi ruwa biyu ne da ake gaurayawa bisa awon da aka rubuta a jikin galan, ni kuma na auna da ido kamar mai dama fenti. Ga shi watan Yuni ne, damina ta kankama, katakon ya sha danshi. A wasu wuraren gam ɗin bai daskare ba. Mako uku a Ada, ɓarin hagu ya fara shan ruwa, jirgin ya karkace. Ranar da na je dubawa, yara biyu na tarar a kansa suna wasa. Daren nan ban runtsa ba. Na dawo da shi, na sake ɓarin da kuɗina.

Tun daga nan sikeli ya shigo shagona. Gam da sikeli, kaɗan-kaɗan, domin zafin Accra yana sa ya kama a cikin kwano kafin ka gama shafawa. Kowane ɓari ma sai ya hau sikeli, don tagwaye ne, in ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa ba ya barin shago. Ina bin jikin faiba da kwabo ina ƙwanƙwasawa. Inda sautin ya mutu, akwai iska a ƙasa, sai a kankare a sake. Na ƙarshe shi ne famfon keke: a toshe ɓarin, a hura iska 'yar kaɗan, a shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin. Ko'ina kumfa ta taso, nan ruwa zai shiga. Yarona ya taɓa cewa, "Maigida, wa zai ga cikin nan bayan mun yi fenti?" Na ce masa teku za ta gani. Noti kuwa sai na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, sauran gishiri ke cinye su.

Talla ta fi ba ni wuya. Hotunan Facebook sun jawo yabo, ciniki shiru. Wata Talata, ranar da masunta ba sa fita teku, na nuna wa wani dattijo hoton a Jamestown. Ya ce igiyar ruwan gaɓarsu za ta raba shi biyu, kuma ina za a zuba koma da kifi? Gaskiya ya faɗa, na daina zuwa musu da shi. Masu masauki a Ada da Akosombo, inda ruwa ke kwance, su ne mutanena. Ba na faɗin farashi a tudu. Sai mutum ya sa rigar ceto, mun fita tare, na miƙa masa igiya da sitiyari ya ji yadda jirgin ke tafiya ba tangaɗi. Na huɗu da na sayar, wata Hajiya ce ta saya, wadda da farko ta ƙi ko taka shi.