Kwamandan abokan gaba da ke cikin kwamfuta

A karatun da nake yi na haɗa manhajojin kwaikwayo, aikin da ya fi tsaya min a rai shi ne gina kwamandan abokan gaba wanda sojoji za su yi atisaye da shi a kwamfuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa na'ura ta jera duk dabarun da ke akwai, ta auna kowacce, ta ɗauki mafi maki. Sai dai gogaggen kwamanda ba haka yake yi ba idan lokaci ya ƙure masa.

Binciken Gary Klein, masanin halayyar ɗan Adam da ke nazarin yadda mutane ke yanke shawara, shi ne ya fayyace min wannan. A 1985, da kuɗin cibiyar binciken rundunar sojin ƙasa ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka zauna da shugabannin 'yan kwana-kwana 26, suka bi diddigin shawarwari 156 da suka yanke a bakin gobara. A sama da kashi 80 cikin 100, ba su gwada wani zaɓi da wani ba. Mutum zai kalli hayaƙi da ginin, ya gane irin lamarin da ya taɓa gani, dabara ɗaya ta zo masa, ya bi ta a zuciyarsa ya ga ko za ta ɓulle. In ta yi, sai umarni. In da cikas, ya gyara ko ya koma ta biyu.

Akwai wani shugaban 'yan kwana-kwana da ya fitar da ma'aikatansa daga gidan da ke ci da wuta, jim kaɗan daɓen ya rufta. Abin da ya ankarar da shi shi ne falon ya yi zafi fiye da kima, wutar kuma ta yi shiru da yawa. Ashe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take ci.

Saka irin wannan gogewa a manhaja aiki ne ja. TacAir-Soar, wata manhaja da ta tuƙa jiragen yaƙi na kwaikwayo a wani atisayen kwamfuta na sojin Amurka mai suna STOW a 1997, sai da aka rubuta mata dubban ƙa'idoji da aka tattaro daga bakin ƙwararrun matuƙa.

Ni dai abin da na fi damuwa da shi yanzu shi ne kuskuren kwamandan nawa. Dole ya zama irin na mutum. Idan sojan da ke atisaye ya tayar da ƙura a gabas alhali ta yamma zai kawo hari, ina so kwamandan ya ɗauka ya gane lamarin, ya tura dakarunsa gabas, har sai rahotanni sun saɓa wa abin da yake tsammani sannan ya farga. Shi ya sa nake hana shi ganin taswirar gaba ɗaya, nake jinkirta masa rahoto, nake kuma ɗora masa agogo.